Ƙwayoyin Ƙarin Sinadarai Don Ƙwaƙwalwa, Natsuwa da Lafiyar Ido: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shiga manyan shagunan magani na cikin garin Bauchi a 'yan shekarun nan zai tarar an ware kanta guda domin kwalaben da aka zana wa hoton ƙwaƙwalwa ko na ƙwayar ido. Irin waɗannan kaya sun kai har bakin Kasuwar Wunti da tashoshin mota, inda masu lasifika ke tallar su, sun kuma cika wayoyin jama'a ta WhatsApp da Facebook. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyaye da masu kula da tsofaffi suka fi yawan yi kafin su saya, ko kuma bayan sun riga sun saya, wanda shi aka fi gani. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya. Wanda ke da ciwo sananne ko yake shan magani kullum, likitansa ne ke da magana ta ƙarshe.

Mene ne bambancin waɗannan ƙwayoyi da maganin da likita ke rubutawa?

Kafin a yarda a sayar da maganin hawan jini ko na zazzaɓin cizon sauro, wajibi ne kamfanin da ya yi shi ya kawo hujjar cewa an gwada shi a kan marasa lafiya kuma ya yi aikin da aka ce yana yi. Su kuwa ƙwayoyin ƙarin sinadarai, wato su bitamin da man kifi da garin ganyayen da aka ɗura a kwanso, dokokin ƙasashe da yawa sun fi kusantar da su ga abinci, don haka ba a neman irin wannan hujja daga masu yin su. A Amurka, inda da yawa daga kwalabe masu tsada ke cewa daga can suka fito, dokar da aka kafa a 1994 ta ba kamfani damar kai kayansa kasuwa tun hukumar magunguna ta FDA ba ta tantance amfaninsu ba. Saboda haka cewar mai shago "ai ɗan waje ne", yana buga kwalbar a kan kanta, ba ta tabbatar da komai game da aikinta.

A nan gida hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa waɗannan kaya rajista. Lambarta a jikin kwali tana da muhimmanci ƙwarai, domin tana nuna an san wanda ya haɗa kayan da wanda ya shigo da su, an kuma duba cewa ba masu cutarwa ba ne. Sai dai a jikin magungunan ganyaye da yawa akwai ɗan rubutu da Turanci, cikin ƙananan haruffa, mai cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansu ba. Masu talla sukan nuna lambar da yatsa, su tsallake wannan layi.

Shin akwai ƙwayar da ke ƙara wa mai lafiya basira ko ƙarfin hadda?

Har yau ba a samu ƙwayar da manyan gwaje-gwaje suka nuna tana ƙara wa lafiyayyen mutum, mai cin abinci daidai gwargwado, kaifin ƙwaƙwalwa ba. Abin da aka tabbatar shi ne akwai sinadaran da rashinsu ke dakushe ta, kuma idan aka mayar wa wanda ya rasa su da wuri yakan farfaɗo. Tulun da ruwansa ya yi ƙasa shi ake ƙara wa. Wanda ya cika, duk abin da aka zuba masa a ƙasa zai ƙare.

Sinadarai uku ne suka fi shafar mu. Na farko aidin, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo, kuma idan mai ciki ce ta rasa shi yakan tauye ginuwar ƙwaƙwalwar jariri, tauyewar da ba ta gyaruwa daga baya. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, don haka gishirin leda mai rajista, wanda aka ajiye a rufe nesa da laima da zafin murhu, ya wadatar da yawancin gidaje.

Na biyu sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Masu rasa shi su ne 'yan mata da matan da ke zubar da jini mai yawa lokacin al'ada, da masu haihuwa kusa da kusa, da yaran da tsutsar ciki ta addaba. Yarinyar da ke kifa kai a kan benci tun kafin tashin tara, tana kukan jiri da kasala, an buɗe fatar idonta ta ƙasa an ga ta yi fari fat, awon jini take buƙata, kuma idan ƙarancin jini ne, ƙwayar ƙarin jini mai araha da ake bayarwa a asibitin sha-ka-tafi za ta yi mata abin da kwalba mai hoton ƙwaƙwalwa ba za ta yi ba.

Na uku bitamin B12, wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai da nono. Tsofaffi sukan rasa shi domin cikinsu ya rage iya tsotse shi daga abinci, haka ma masu ciwon suga da suka daɗe a kan metfomin. Alamunsa sun haɗa da mantuwa, da jin tafin ƙafa ya mutu ko kamar ana tsira masa allura, da tangaɗi a tafiya.

Ta yaya zan san ko ina da ƙarancin ɗaya daga cikinsu?

Ta hanyar awo. Awon yawan jini, da na suga, da na hawan jini, ana yin su a cibiyoyin lafiya na matakin farko da yawa cikin ɗan lokaci. Awon B12 da na aikin maƙogwaro, wato gaɓar tayiroid da ke kumbura ta zama maƙoƙo, sai manyan ɗakunan gwaji, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, kuma likita ne ke ganin dacewar yin su. Dalilin da ya sa awon ya zama tilas shi ne ba kowane ƙarancin jini ne ke son ƙarfe ba. Mai sikila, musamman wanda ake yawan ƙara wa jini, ƙarfe na iya taruwa a jikinsa har ya illata hanta da zuciya, don haka kada a ba shi ƙwayar ƙarin jini sai da izinin likitansa, ko da kuwa idanunsa sun yi fari.

Ni ɗalibi ne, jarrabawa ta matso, ina son abin da zai sa in natsu in yi karatun dare. Me zan sha?

Yawancin abin da ake sayar wa ɗalibai da sunan ƙara natsuwa, in an karanta jikin gwangwanin ko kwalin, kafeyin ne ke aikin, wato abin da ke cikin goro da shayi da kofi. Gaskiya ne yana kore gyangyaɗi na ɗan lokaci. Babban mutum mai lafiya kan iya shan har miligiram 400 a yini, amma bayan kamar sa'a biyar rabin abin da aka sha yana nan a jini, don haka wanda ya sha lemon ƙara kuzari bayan isha'i ya riga ya ɓata barcinsa na wannan dare. A cikin barci kuwa ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya kwana a aji a harabar jami'a ta Yelwa ko Gubi har asuba, ya shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa, zuciya na bugawa, sau da yawa yakan ga tambayar da ya karanta jiya amma amsar ta ƙi zuwa. Mahaddata sun daɗe da sanin cewa hadda tana zama ne da maimaitawa a kai a kai da tilawar asuba bayan an yi barci, kuma binciken zamani a kan yadda ake koyo ya zo daidai da wannan.

Akwai abin da ya fi ɓata barci muni. Wasu na miƙa wa matasa tramol ko wasu ƙwayoyi marasa suna da cewa suna sa a jure karatu ko aiki. Tramol maganin ciwo ne mai kama jiki, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Irin wannan ta'asa ce ta sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Duk ƙwayar da aka ba ka a ƙulle cikin leda, babu kwali babu suna, mayar wa mai ita.

Mahaifinmu ya fara mantuwa, yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa. An ce mu saya masa ginko. Ya dace?

An gwada ganyen ginko gwaji mai girma a Amurka, a kan tsofaffi fiye da 3,000 masu shekara 75 zuwa sama, rabinsu na shan miligiram 120 sau biyu a rana, rabi na shan ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna gigin tsufa ya kama ɓangarorin biyu kusan daidai da juna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan rage haɗarin wannan cuta, ta ce ba ta ba da shawarar shan bitamin B ko E ko man kifi ko haɗin bitamin domin kare kai daga gare ta ba. Domin a yi adalci, wani gwaji da aka yi daga baya mai suna COSMOS ya ga ɗan ci gaba kaɗan a gwajin tuna abu ga tsofaffin da suka sha bitamin na yau da kullum, amma tazarar ƙarama ce, kuma ba ta nuna an hana cutar ba.

Abin da ya fi dacewa da Baba shi ne a kai shi a duba shi sosai. Wasu abubuwan da ke kama da gigin tsufa suna warkewa: ƙarancin B12, raunin aikin maƙogwaro, baƙin ciki mai tsanani bayan rasuwar abokiyar zama, da tarin magungunan da ke sa maye. Wani dattijon ma jinsa ne ya ragu, yana tambaya ana ba shi amsa bai ji ba, iyali suka ɗauka mantuwa ce. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa, daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani da ba a kula da shi ba, da zaman kaɗaici. Iyalin da ke sayen kwalba mai tsada duk wata alhali maganin hawan jinin Baba ya ƙare tun makon jiya, sun bar jaki suna dukan taiki. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti za a nufa a wannan sa'a.

Man kifi fa, wanda ake kira omega-3?

Kitsen da ke cikinsa na daga abin da aka gina ƙwaƙwalwa da bangon bayan ido da shi, kuma mutanen da ke cin kifi a kai a kai sukan fi lafiyar zuciya. Amma da aka ba tsofaffi masu lafiya shi a kwanso, gwaje-gwaje ba su nuna ya kare su daga mantuwa ba, kuma wani gwaji na 2018 ya samu bai fi man zaitun amfani ga bushewar ido ba. Kifi mai maiƙo sau biyu a mako, irin titus da sadin da ake samu a wurin masu kifin ƙanƙara a kasuwar Muda Lawal, ya biya buƙata.

Akwai ƙwayar ido da aka tabbatar da amfaninta?

Akwai guda ɗaya, kuma ta masu cuta ɗaya ce tak. A tsakiyar bangon bayan ido akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, da shi ake karatu da gane fuska, kuma yakan lalace wa wasu idan sun tsufa. Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan wannan cuta, AREDS da sakamakonsa ya fito a 2001 da AREDS2 a 2013. An samu cewa ga waɗanda cutar ta riga ta kai matsakaicin mataki, wani haɗi na rage haɗarin ta kai mataki mai tsanani da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a tsawon shekara biyar. Haɗin na biyu ya ƙunshi bitamin C miligiram 500, bitamin E ma'aunin IU 400, zink miligiram 80, sinadarin tagulla miligiram 2, lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. An cire bita-karotin da ke cikin haɗin farko saboda gwaje-gwajen 1994 da 1996 sun nuna yawansa a ƙwaya na ƙara wa masu shan taba haɗarin sankarar huhu.

Haɗin bai hana masu lafiyar ido kamuwa da cutar ba, bai dawo da ganin da ya tafi ba, bai kuma hana yanar ido ba. Ga shi kuma cutar makula mai tsanani ta fi yawa a tsakanin Turawa. Kwalaben ido da ke kantunanmu galibi sun ari sunayen lutin da ziyazantin ne daga wannan gwaji, wasu ma da ɗan abin da bai kai adadin da aka gwada ba, ana sayar wa mutanen da ba wanda ya taɓa leƙa bayan idonsu.

To, mene ne ya fi makantar da mutane a yankinmu?

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama ya samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi kowane yanki da kashi 6.1. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ta jawo kusan kashi 17.

Yanar ido ba ta narkewa da ƙwaya ko ɗigo ko zuma. Aiki ake yi na ɗan lokaci, a cire abin da ya dushe a sa na roba, kuma ana yin sa a Bauchi, a asibitin koyarwa da asibitin ido na Makkah. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke kan sa mutum ya ga haske na 'yan kwanaki, daga baya ido ya kumbura ya mutu, kuma wancan bincike ya tarar da idanu masu yawa da aka ɓata ta wannan hanya.

Gilakoma ta fi ban tsoro, domin ba ta ciwo a farko, kuma daga gefe take cin gani, ta yadda mutum na iya karanta jarida alhali ya fara karo da gefen ƙofa. Tana kama baƙar fata da wuri fiye da sauran jinsi, tana kuma bin dangi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ɗigon da likita ya rubuta, wanda ake sawa kullum ba fashi, ko aiki, su ne ke tsayar da ita. Mafi munin abin da ƙwayoyin ido ke yi a nan shi ne su sa mai gilakoma ya ajiye ɗigonsa wata uku yana jiran ganin amfanin kwalba. Wanda ya kai shekara 40, ko yake da makanta a danginsa, ya je a auna masa ƙarfin ido a duba jijiyar, mai ciwon suga kuma a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau.

Na haura shekara arba'in, ƙananan rubutu sun fara gagara ta. Bitamin ne ya yi mini ƙaranci?

A'a. Madubin cikin ido ne ya fara taurin da yake yi wa kowa a wannan shekaru. Mai ɗinkin hula da ya fara miƙa hannu nesa kafin ya ga ramin zare, ya koma bakin zaure neman haske, har ya kai ga kiran yaro ya zura masa allura, da Hajiyar da ta ajiye ƙaramin Alƙur'aninta ta nemi mai manyan baƙaƙe, duk abu ɗaya ke damun su, kuma tabaran karatu na warware shi a take. Tabarau ba ya ƙara lalata ido kamar yadda ake faɗa. Gara a karɓe shi bayan awo a asibiti, domin a wannan zama ne ake gano gilakoma.

Aikina na kwamfuta ne, idona na zafi da yamma. In sayi ƙwaya ko tabaran kare haske?

Mai kallon allo yana rage ƙifta ido, sai fuskar idon ta bushe, ƙurar hunturu da iskar fanka su ƙara. Wani nazari na 2023 da ya tattara gwaje-gwajen tabaran kare shuɗin haske bai ga sun rage gajiyar ido ba. Duk minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20, a riƙa ƙiftawa da gangan, a sa ɗigon hawayen roba idan akwai buƙata. A guji ɗigon da ke sa jan ido ya washe nan take idan ba likita ya rubuta ba, domin wasunsu na ɗauke da sitiroyid, wanda daɗewa a kansa ke jawo gilakoma da yana.

Yara fa? Ba bitamin A ne ke kare idonsu ba?

Shi ne, kuma a nan ƙarin sinadari ya yi rawar gani. Ƙarancin bitamin A na fara bayyana da dundumi, yaro ya riƙa laluben bango da zarar magariba ta yi, idan ya tsananta kuma baƙin idon ya yi gyambo ya mutu, musamman bayan ƙyanda. Shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi a baki kyauta, a asibiti da kuma Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara da ake yi sau biyu a shekara: shuɗin kwanso mai IU 100,000 ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja mai IU 200,000 ga waɗanda suka cika shekara. Tun 2002 kuma doka ta wajabta sanya shi a sukari da fulawa da man girki na kamfani, ana gane su da tambarin ido a jikin buhu ko galan. Yaron da ke karɓar nasa a kan lokaci, aka kuma yi masa rigakafin ƙyanda, kada a ƙara masa wani daga kemis, domin bitamin A na taruwa a hanta.

Ina da ciki. Me ya halatta in sha domin ƙwaƙwalwar jaririna?

Abin da ake ba ki a wurin awo: ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikrogiram 400 kullum. Folik asid ya fi amfani idan an fara shi tun kafin ɗaukar ciki, domin laka da ƙwaƙwalwar jariri na haɗuwa ne a makonni huɗu na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Kada ki sha ƙwayar ƙarin jini da shayi, domin yana hana jiki tsotse ta. Ki nisanci ƙwayar da bitamin A ɗinta ya wuce IU 10,000 a rana, saboda yana iya nakasa ɗan tayi, ki kuma ajiye ginko da duk haɗin ganyayen da ba ungozoma ko likita ne suka amince da shi ba.

Idan ba ƙwaya ba, wane abinci ne ke ɗauke da waɗannan sinadarai?

Lutin da ziyazantin da ake sayarwa da tsada suna cikin zogale da alayyafo da sauran ganyaye masu duhun kore, da gwaiduwar ƙwai, da masara mai ruwan ɗorawa. Abin da jiki ke mayarwa bitamin A yana cikin karas, kabewa, gwanda, mangwaro da manja, hanta kuma na da shi kai tsaye. Waɗannan sinadarai sai da maiƙo hanji ke ɗaukar su, don haka kwaɗon zogale da aka daka wa ƙuli-ƙuli, aka zuba masa man gyaɗa, aka yanka tumatir da albasa, haɗi ne da ya dace tun kafin a san dalili. Gyara ɗaya ake buƙata: a rage daɗewar ganyen a kan wuta, kuma idan za a shanya shi a shanya a inuwa. A matsa lemon tsami a kan wake ko ganye, domin bitamin C na taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikinsu.

Habbatus sauda da zuma da zabibi da ake sayarwa a kemis na Musulunci fa?

Abinci ne masu albarka, hadisi ya zo a kan habbatus sauda, zuma kuma an ambace ta a Alƙur'ani, ba wanda ke jayayya da wannan. Amma falalar da aka faɗa a kansu ba ta zama shaida ga abin da wani ya ɗura a kwalba ya liƙa wa takarda ba, ballantana haɗin da aka rubuta wa cewa yana maganin mantuwa da yana da suga da basir gaba ɗaya. A nemi lambar NAFDAC a nan ma. Kada a ɗiga ko ɗaya a ido, kada a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, mai ciwon suga kuma ya sani zuma da zabibi suna ɗaga suga. Masu tambayar halaccin kwanson roba mai laushi suna da hujja, domin da jelatin ake yin yawancinsa, wanda kan fito daga shanu ko kifi ko alade. A duba ko an rubuta tushensa ko akwai tambarin halal, idan babu a nemi na ƙwaya ko mai kwanson tsiro.

Yayata ce ke sayarwa, ita ma tana sha, ta ce ta ga amfani. Yaya zan yi?

Mai yiwuwa gaskiyarta take faɗa. Gajiya da ciwon kai da rashin natsuwa abubuwa ne masu zuwa su tafi da kansu, kuma mutum kan sayi magani ne a ranar da abin ya fi tsanani, don haka sauƙin da ya biyo baya sai a jingina shi ga kwalbar. Sa rai ma kansa na sa a ji dama, shi ya sa a gwaji na gaskiya ake ba rabin mutane ƙwayar banza ba tare da sun sani ba. A tsarin da mai sayarwa ke samun kaso daga waɗanda ya jawo, farashin na ɗauke da ladan mutane da yawa da ke sama da ita. Kana iya ce wa Yaya za ka nuna wa likita kwalin tukuna, wannan ba rashin kunya ba ne.

Idan likita ya ce in saya, me zan duba?

A saya a shagon magani mai rajista inda akwai masanin haɗa magunguna, a bar na tire da na bayan mota da rana ta gasa. A duba lambar NAFDAC, a kuma gwada ta a rumbun Greenbook da hukumar ta sa a intanet, a ga ko sunan kayan da na kamfanin sun dace da lambar. A duba ranar ƙarewar aiki, da lambar rukuni, da cikakken adireshin masu yi, da hatimin murfi. Kowane sinadari ya zo da adadinsa a gabansa. Kwalbar da ta jera sunaye ashirin a ƙarƙashin adadi ɗaya ta ɓoye abin da ya kamata mai saye ya sani. A kayan Amurka, tambarin USP ko NSF na nuna wata hukuma ta daban ta tabbatar abin da aka rubuta shi ne a ciki, ko da yake bai ce yana aiki ba. Sinadari ɗaya da aka gano ka rasa ya fi haɗin gambiza, ya kuma fi araha.

Suna iya cutarwa, ko karo da wani magani?

Ƙwarai. Bitamin A da D da E na taruwa a jiki, kuma wanda ke shan kwalbar ido da ta ƙwaƙwalwa da ta ƙarin kuzari a tare yana iya ninka sinadari ɗaya sau uku bai sani ba. Yawan B6 na dogon lokaci na lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, yawan zink na jawo ƙarancin tagulla. Ginko da bitamin E mai yawa na ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin ko wafarin, masu hana jini daskarewa, don haka wanda za a yi wa aiki, har da aikin yana, ya faɗa wa likita tun da wuri. Ƙarfe da zink da kalsiyam na hana jiki tsotse magungunan kashe ƙwayoyin cuta na sifro da tetrasaikilin da wasu magungunan ƙanjamau idan an haɗiye su lokaci ɗaya. Mai ciwon ƙoda ko hanta kada ya sha komai sai an duba. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba duk kwalaben gida a leda, har da na gargajiya, a tafi da su ranar ganin likita.

Yaushe ake sha a watan azumi, kuma a ina ake ajiyewa?

Masu narkewa a maiƙo, wato A da D da E da lutin da man kifi, a sha su bayan an ci abinci sosai da daddare ko a sahur. Ƙwayar ƙarin jini kan tayar da zuciya idan ciki ba komai, tana kuma baƙanta bayan gida, wanda ba abin tsoro ba ne. A ba ta tazarar sa'a biyu da shayin buɗa-baki. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi na kaiwa kusan digiri 40, don haka kada a bar kwalba a mota ko a kan taga, kuma man kifin da ya fara ƙarni mai ɗaci ko kwansonsa suka manne a zubar da shi. Idan an sha ƙwayar ƙarin jini wata uku a koma a sake awo, domin a san ko za a ci gaba ko a tsaya. A kulle ta inda yara ba sa kaiwa, saboda ja ce mai sulɓi kamar alewa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro. Idan ya haɗiya a kai shi asibiti tare da kwalin ko da bai nuna wata alama ba.